Titunan Kano a Idon Baƙi 'Yan Ƙasashen Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa sauke baƙo daga wata ƙasa a Kano, ɗan kasuwa ne daga Sin, ko ɗaliba daga Jamus da ta zo koyon Hausa a Jami'ar Bayero, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji, ya san tambayoyi sukan fara zubowa tun ba a bar filin jirgin Malam Aminu Kano ba. Ga kuma masu yawon duniya da suke ɗaukar bidiyo su ɗora a YouTube da TikTok, mu kalla mu yi ta muhawara. An tattara waɗannan tambayoyi ne domin mai masauki, da ɗan rakiya, da duk wanda yake son sanin abin da baƙo yake gani a titin da mu sabo ya sa mun daina lura da shi.

Me yake fara ɗaukar hankalin baƙo idan ya shigo gari?

Kunne ne yake fara aiki: hon ɗin adaidaita sahu, ƙugin janareta, lasifikar mai maganin gargajiya, da kiran salla daga masallatai da yawa a lokaci guda. Amma abin da yake tsaya wa yawancinsu a rai bayan kwana biyu shi ne yadda kusan komai a waje ake yinsa. A biranen Turai da dama titi wurin wucewa ne kawai, sana'a tana cikin shago, hira tana cikin gida. A nan kuwa bakin titi shi ne shagon, shi ne wurin cin abinci, shi ne majalisa. Mai faci ya baje tayoyi a gindin darbejiya, mai wankin hula ya jera huluna suna shan rana, mai yankan farce yana tafe yana kaɗa almakashi don a ji zuwansa, mai ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki, mai POS yana zaune a ƙarƙashin lema. Da an kira salla sai a shimfiɗa tabarmi a gefen hanya, mai shago ya ja ƙyalle ya rufe kayansa ya shiga sahu. A nan baƙo yakan tambaya, to wa yake tsaron kayan? Ka gaya masa maƙwabcin rumfa ne, da idon jama'a, da kunyar a ce wane ne ya ɗauka.

Tun yaushe baƙi suke rubuta abin da suka gani a titunan Kano?

Fatake da malamai daga arewacin Afirka sun riga kowa, amma bayanin da ya fi yaɗuwa a Turai ya fara ne da Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Birtaniya, wanda ya shigo daga Borno a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya caɓa ado da kakinsa yana tsammanin gari zai tsaya kallo. Shi da kansa ya rubuta cewa ba wanda ya ko waiwayo, kowa yana harkar gabansa. A kasuwar Kurmi ya sayi laima ƙirar Ingila a kan dalar Sifaniya uku, wadda ta ratso hamada ta hannun fatake. Abin da ya fi burge shi shi ne amanar ciniki: ya ga ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkudi, ta yadda ko an kai kaya Borno aka kwance aka ga aibu, za a dawo da su a nemo wanda ya sayar ya mayar da kuɗi.

Sai Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso a Fabrairun 1851 zamanin Sarki Usman. Ya hau Dutsen Dala ya zana garin daga sama. Ya ƙiyasta mazauna birni dubu 30, ya ce lokacin rani da fatauci ya kankama sukan kai dubu 60. Ya bi sawun tufafin da aka saƙa aka rina a Kano har Tambutu da Gat da Tarabulus. Dukansu biyu sun koka da kududdufai da warin ruwan da ya kwanta a tsakiyar gari, kuma dukansu sun ga ana sayar da bayi a kasuwa. Wannan ma tarihinmu ne, ba a tsallake shi.

Sai dai mai karanta su ya riƙe abu guda. Mutanen nan ba yawon buɗe ido ya kawo su ba, gwamnatin Birtaniya ce ta turo su gano hanyoyin ciniki da ƙarfin masarautu. A 1903 sojojinta suka ci Kano da yaƙi. Bayanansu suna da amfani ƙwarai, amma idon da ya yi kallon yana da abin da yake nema.

Me ya sa wasu baƙi suke cewa garin hargitsi ne?

Saboda suna ganin motsi, ba sa ganin tsarin da yake ƙarƙashinsa, kuma a nan ne aikin mai masauki yake. Kano gari ne da kowace haja take da gidanta. Atamfa da shadda da yadi suna Kantin Kwari, hatsi yana Dawanau, kayan masarufi suna Singa, kayan gwari suna 'Yankaba, 'ya'yan itatuwa suna 'Yanlemo, canjin kuɗi yana Wapa, gwanjo yana Ƙofar Wambai, kayan gini suna Ƙofar Ruwa. A cikin birni sunayen unguwanni kansu suna faɗin sana'a ko asalin mutanen da suka kafa su: Soron Ɗinki, Dukawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa. Mahauta suna da Sarkin Fawa, maƙera da wanzamai suna da nasu sarakunan, kowane layi a kasuwa yana da shugabanni da suke sasanta rigima tun ba ta kai ga 'yan sanda ba. Ɗan dakon da baƙo ya ga yana gudu da dila a ka ya san shagon da ya ɗauko, ya san motar da zai kai wa, kuma ba takarda ko ɗaya a hannunsa.

Wannan ba ya nufin a kare komai. Tuƙin da ake yi a shataletale da yawa ganganci ne, kasa kaya a kan kwalta yana toshe hanya, kuma mu kanmu muna kuka da shi kullum. Idan baƙo ya faɗi wannan, gaskiya ya faɗa.

Baƙo zai iya hawa adaidaita sahu?

Zai iya, kuma yawanci suna so. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da su wajen 2005 don mata su samu abin hawa ba sai sun hau acaɓa ba. Bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a Janairun 2013 aka hana acaɓa, daga nan adaidaita ta mamaye gari. Ga baƙo shata ta fi, a yi ciniki kafin a hau, ya zauna a tsakiya ko ɓangaren da ba na titi ba, kuma ya mayar da wayarsa aljihu.

Baƙi sukan ce maza ne suka cika tituna. Ina matan suke?

Wannan ita ce tambayar da ake yawan amsawa da gaggawa, alhali ta fi kowace buƙatar natsuwa. Da farko, mata suna nan a titi: masu tuyar ƙosai da waina da awara, Fulani masu fura da nono, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ɗalibai, da hajiyoyin da suke saro kaya a Kwari. Amma gaskiya ne a cikin birni da tsofaffin unguwanni matan aure da yawa ba su cika fita da rana ba. Kuskuren baƙo shi ne ya ɗauka wadda ba ta fito ba zaune take ba ta komai. Bayan katangar nan da yake wucewa akwai kasuwa sukutum: ana matsar man gyaɗa, ana tuya ƙuli-ƙuli, ana murza taliya, ana ɗinkin hula, ana kitso da lalle, ana zubin adashi. Yanzu kuma ga masu sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin ta WhatsApp da Instagram, yaro ko mai adaidaita ya kai wa mai saye har gida. Kaso mai yawa na abincin da baƙo yake gani ana ci a bakin titi a cikin gida wata mace ta dafa shi.

Yarinyar da ya gani da faranti a ka ita ce take haɗa gidan da titin, kuma a nan bai kamata mu yi kara ba. Talla tana ciyar da gidaje, amma tana hana 'yan mata da yawa zaman aji, tana kuma jefa su hannun mutanen banza a tasha da gareji. Idan baƙo ya nuna damuwa, a gaya masa mu ma damuwarmu ce.

Baƙuwa mace ta fi namiji sa'a a nan. Ita za a ce ta shigo har ɗakin uwargida, shi kuwa iyakarsa soro. Saboda haka labarin Kano da namiji baƙo yake komawa da shi rabi ne, ko da ya shekara.

Yaya zan yi wa baƙo bayanin almajirai?

Ka faɗi yadda abin yake, ba ƙari ba ragi. Yawancinsu ba marayu ba ne. Iyayensu ne suka kawo su daga ƙauyukan Kano da jihohin maƙwabta, wasu daga Nijar, suka damƙa wa malami don karatun Alƙur'ani. A da tsarin ya dogara da gonar malam da ciyarwar unguwa, kowane gida ya san almajirinsa. Yau gari ya cika, abinci ya yi tsada, yaro ɗan shekara bakwai yana yawo da roba ba takalmi, yana kwana inda ba mai duba lafiyarsa. Tsangaya ta fitar da mahaddata da manyan malamai da attajirai, wannan gaskiya ne. Yaran suna shan wahalar da bai kamata yaro ya sha ba, wannan ma gaskiya ne, kuma nauyin yana kan iyaye da malamai da hukuma da mu da muke wuce su. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu, a 2023 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, amma har yanzu yaran suna titi.

Ka kuma nuna masa cewa ba kowane almajiri ne yake bara ba. Da yawa suna aikatau a gidaje, suna dako, suna wankin takalmi ko ɗinkin hula. In yana son ya taimaka, ya sayi abinci a raba, ko a kai wa makarantar sabulu da tabarma da magani. Kada ya tsaya a titi yana rabon kuɗi, turmutsutsu zai jawo, ƙananan ne kuma za su sha duka.

Akwai laifi idan baƙo yana ɗaukar hoto?

Gini da kasuwa da dawaki ba laifi. Mutum kuwa sai an tambaye shi, in ya ƙi a bar shi. Kada a ɗauki mace ba da yardarta ba, kada a ɗauki masu salla ta gabansu, kada a nufi shingen jami'an tsaro ko bariki da kyamara. A marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita suke kai tarihinta 1498, an saba da baƙi. Za a nuna musu baba da toka da yadda ake tsoma zane a rijiyar rini, a kai su wurin masu bugu, kuma ya dace a sayi wani abu ko a yi ihsani, domin lokacin aikinsu aka ci.

Abin da bai kamata ɗan rakiya ya yarda da shi ba shi ne a mayar da talaucin mutane abin kallo. In ka ga baƙonka ya bar duk abin da yake gabansa ya durƙusa yana ɗaukar fuskar yaro mai bara ko tsohuwa a bakin kwata, ka dakatar da shi cikin ladabi. Hoton nan zai zaga duniya, mai fuskar bai sani ba, bai kuma amfana da komai ba.

Yara suna binsa suna "Bature! Bature!" Ya zai yi?

Ya ɗaga hannu ya ce sannunku. Ba zagi ba ne, ɗoki ne, kuma Basine da Balarabe ma sukan sha wannan kira. In ka koya masa "ina kwana", "ina wuni", "na gode", da yadda zai ce "ranka ya daɗe" ga dattijo ko "sannu Hajiya" ga babbar mace, ya rage hanya sosai. A Kano wanda ya fara da gaisuwa kafin tambaya ba ya rasa mai raka shi.

Wane abincin titi ya dace a ba shi?

Da safe koko da ƙosai, ko waina da miya. Da rana ɗanwake, ko gurasa bandashe da ta sha ƙuli da mai da albasa, wadda Jakara ta yi suna a kanta. Da yamma tsire ko balangu, in dare ya yi a zauna a teburin mai shayi, inda zai ji siyasa da ƙwallo da farashin masara a zama ɗaya. Kilishin Agadasawa kuma na tsaraba ne. Ƙa'idar ita ce ya ci abin da aka sauke daga wuta a gabansa, ya sha ruwan gora, ya yi hankali da ƙanƙara da zoɓo da fura har cikinsa ya saba. A ce wa mai nama ya zuba yaji a gefe. A kuma sanar da shi tun wuri cewa da hannun dama ake ci, da shi ake miƙa kuɗi, kuma in ya wuce masu cin abinci suka ce bismilla, "na gode" ta wadatar.

Gaskiya ne ana tsuga wa baƙi kuɗi a kasuwa?

A wuraren da aka saba da masu yawon buɗe ido, kamar layin dukawa da masu kayan tarihi a Kurmi, farashin farko yakan hau in an ga baƙuwar fuska. Amma taya da albarka da sallamawa haka ake yi da kowa, ba cuta ba ce, kuma baƙon da ya gane haka yakan ji daɗin cinikin. Cutar tana wurin ɗan rakiyar da yake ƙyafta wa mai kaya ido ya ƙara kuɗi don ya dawo ya karɓi kasonsa. In kana son ladan rakiya ka faɗa a fili tun farko, halal ɗinka ne. Sannan ka tuna, tun ƙarancin takardun naira na 2023 har mai rake yana karɓar tiransifa, amma baƙo ba shi da asusun banki a nan, don haka ya riƙe ƙananan kuɗi.

Sutura fa, da Juma'a, da azumi?

Kano tana bin shari'ar Musulunci tun 2000, akwai kuma Hukumar Hisbah. Ba a tilasta wa baƙuwar da ba Musulma ba sa hijabi, amma doguwar riga mai yalwa da ɗan mayafi suna sauƙaƙa mata shiga ko'ina. Namiji ya bar gajeren wando a masauki. Ba a riƙe hannu ko runguma tsakanin mace da namiji a titi, kuma kada ya fara miƙa wa mace hannu. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa bayan sallar ana rufe hanyoyin da suke kusa da manyan masallatai. Da azumi ya ci abincinsa a ɗaki, ya fito bayan shan ruwa, lokacin da gari yake cika da fitilu da masu soye-soye, daga goma ga wata kuma ga yara 'yan tashe.

Akwai tsaro? Gwamnatocinsu suna gargaɗinsu kada su zo.

Gargaɗin yana da tushe. Hare-haren 20 ga Janairun 2012 da na Babban Masallacin Juma'a a Nuwamban 2014 sun ci rayuka da yawa, ba Bakanon da ya manta. An daɗe ba a ga irinsu a cikin gari ba. Abin da ya fi damun mai tafiya a ƙasa yau shi ne ƙwacen waya, da faɗan daba a wasu unguwanni, da sane a cunkoson kasuwa. Kada ka ce wa baƙo ba komai, kada kuma ka tsorata shi. Ya fita da ɗan gari, ya guji lunguna da dare, ya nisanci taron siyasa da zanga-zanga, tafiya wajen gari kuma a yi ta da rana bayan an tambayi halin hanya.

Me zan ce idan ya yi maganar shara da kwata?

Ka amsa cewa haka ne. Leda ta toshe magudanai, damina tana zuwa ruwa ya shiga gidaje, kuma tsaftar ƙarshen wata ba ta isa garin da ƙananan hukumominsa takwas suka haura mutum miliyan biyu da rabi tun ƙidayar 2006. Wanda ya karanta tarihi kuma zai tambaye ka ganuwa, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa zamanin Muhammadu Rumfa. Zai ga an sake gina ƙofofi irin su Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Na'isa, amma badalar da take tsakaninsu ruwa ya ci, an ɗebi ƙasarta, an yi gini a kanta. Wannan abin takaici ne, kuma ba baƙo ne ya yi mana ba.

Duk baƙin Turawa ne?

Ko kusa. Mafi yawan 'yan ƙasashen waje da suke taka titunan Kano 'yan kasuwa ne daga Nijar da Chadi da Kamaru da sauran ƙasashen yankin, masu saro yadi a Kwari da hatsi a Dawanau. Su ba marina ko Dala ce ta kawo su ba. Abin da suke yabawa shi ne yawan kaya, da sauƙin samun dillali da masauki da motar da za ta kai kaya har gida, abin da suke kuka da shi kuma cunkoso ne da shingayen hanya. Ga kuma Kwarori 'yan asalin Labanan da Siriya da aka haifi kakanninsu a nan, da Indiyawa, da 'yan Sin da wasunsu suke ciniki da Hausa tiryan-tiryan.

In kwana ɗaya kawai yake da shi, ina za a kai shi, kuma wane lokaci ya fi?

A fara da hawa Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya ga garin gaba ɗaya. A sauko Kurmi, a bi lungunanta a ƙafa, a wuce ta gaban Gidan Rumfa, fadar Sarki, a shiga gidan tarihi na Gidan Makama, sai marina. Bayan la'asar a leƙa Kwari ko kasuwar Sabon Gari don ya ga Kanon yau, kada ya tafi da zaton garin tsohon gini ne kawai. A bar masa sa'a guda ya zauna a benci a wata majalisa ba tare da an ce tashi mu je ba, don a nan zai fi fahimtar mutane.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi, duk da ƙurar hunturu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40, baƙon da bai saba ba zai galabaita. Masu son ganin hawan salla, wanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, sukan daidaita zuwansu da ƙaramar salla ko babba don Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Sai dai a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda rikicin masarauta, don haka a tabbatar za a yi kafin baƙo ya yanki tikitin jirgi.